Shekarar da Muka Fasa wa Mama Gadon Wuta

Sanyin bana ya shigo Kafanchan da wuri, tun ba a fara haƙar citta ba, kuma garin ya rikice kamar yau aka fara sanyi a duniya. Ka fita da safe ka ga ƙato mai gemu da 'ya'ya ya zura rigar gwanjo mai gashi a wuya, ya naɗe kai da ɗankwalin matarsa, ƙafa kuma silifas. A rediyo wani likita yake ta koya mana yadda ake zama da rai: a sha ruwan ɗumi, a sa safa, a shafa mai. Sannu da ƙoƙari, ashe mu da can yashi muke shafawa. 'Yan matan cocinmu kuwa waya a hannu, suna tura wa juna hoton citta da zuma, wai sabon magani ne aka gano. Cittar da iyayensu suka tsufa suna tsagawa.

Duk wannan dariya yake ba ni. Abin da ya tsaya mini a rai maganar Yaya Bulus ce.

Yaya Bulus yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi aiki a masaƙa a Kaduna har masaƙar ta mutu, ya zauna a Sabon Tasha shekara da shekaru, sai da gwiwa ta fara ƙi sannan ya tuna yana da gari. Ya yi gini a nan bayan layin dogo, tayil tun daga ƙofa har bayi, da farin silin mai zane wanda ɗansa ya turo ma'aikata daga Abuja suka yi. Matarsa ta rasu, shi kaɗai ne a ciki. Ranar Litinin na kai masa kunu, na same shi a falo cikin bargo biyu, ga hita mai ɗumama ɗaki a gabansa tana zaune kamar baƙuwa, don rabon unguwar da wuta kwana huɗu. Yana tari. Tarin nan na san shi, mai fitowa daga can ƙasan haƙarƙari, na taɓa jin irinsa.

"Rifkatu, zo ki ga wani abu," ya ce, ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na wasu mutanen ƙasar waje suna cusa itace a ƙarƙashin wani dakali, tsohuwa tana kwance a sama tana murmushi. "Kin gani? Ba irin na Mama ba ne wannan? Sak. Su sun riƙe nasu har suna nuna ma duniya. Mu ba mu san darajan abin mu ba, komai mun yar. Ni ban ma san yadda muka rasa shi ba. Ki tambaya mini, ko akwai wanda ya iya yi har yanzu."

Na dube shi da kyau, ko zolayata yake yi. Da gaske yake. Na ce zan koma, na bar miya a wuta. Ban bar komai a wuta ba.

Ni na san yadda muka rasa shi. Da kaina na kwashe shi a kwando.

Fiye da shekara arba'in ke nan. Ina budurwa, ban kai ashirin ba, ni da Mama kaɗai a gida, don Baba ya daɗe da rasuwa. Ƙauyenmu a gindin dutse yake, iska tana gangarowa daga sama ta shiga ta kowace kafa. In watan Kirsimeti ya kama, ruwan da ya kwana a randa sai ka yi shawara da zuciyarka kafin ka sa hannu. Ka je rafi da sassafe ka ga tururi yana tashi a kan ruwa, ciyawa ta jiƙe maka zane har gwiwa, yatsun ƙafa su mutu ba ka sani ba sai ka yi tuntuɓe ka ga jini.

Kuma lokacin ne aiki ya fi yawa. Maza su haƙa citta, mu mata mu kwaso, mu zauna a kan falalen dutse da ƙananan wuƙaƙe muna tsaga ta ɗaya bayan ɗaya, mu shanya. Yau a gonarmu, gobe a ta maƙwabta, har a zagaye kowa. Hannu ya riga ya tsattsage da sanyi, ruwan citta ya shiga tsagar, ka yi ta aiki hawaye na zuba ba don wani ya yi maka komai ba. Wanka sai rana ta take. Da yamma a narka man kaɗanya a murfin tukunya, a cusa a faso, a shafa wa yara a ƙirji. Kunun acca da citta da ɗan barkono shi ne karin kumallo, gasasshen gwaza da man ja shi ne na rana. Ba wanda ya karanta wannan a takarda.

Mama tana da ciwon ƙirji tun haihuwata. Kowace shekara in sanyi ya shigo sai tarin ya leƙo, kuma kowace shekara gadonta ya kore shi. Gadon ƙasa ne, ita ta gina shi da hannunta, ita da ƙawarta Mama Saratu da ke gidan da ke kallon namu. Jar ƙasa ce aka kwaɓa da ƙaiƙayin acca, aka tayar da ita jikin bango, tsawon mutum, tsayin gwiwa, ciki rami, da baki a gefe inda hannu zai shiga. Sama an daɓe shi da makuba har yana sheƙi. In an sauke tuwon yamma, Mama ta ɗebo garwashi ta zuba a ramin, ta ɗora guntun itacen kirya, ta rufe rabi da toka. Hayaƙin ya fita ta wata kafa a bango, saura ya bi ta jinka ya tafi. Kafin ta gama addu'a ƙasar ta ɗauki zafi, kuma ba ta sakinsa sai gari ya waye. Ta shimfiɗa tabarma ta kwanta, bayanta da haƙarƙarinta su sha ɗumi. Da safe ita ce farkon tashi a unguwa. Takan ce likitanta ke nan, kuma ba ya tafiya hutu.

Jinkar ɗakin daga ciki baƙa ce wuluk. Ni kuwa kunyar baƙin nan nake ji. Na fara zuwa Kafanchan ranar kasuwa, na ga gidajen ma'aikatan jirgi da rufin kwano, na ga 'yan mata masu takalmi, na fara jin warin hayaƙi a zanena.

Saura kwana goma Kirsimeti Yaya Bulus ya iso a bayan motar katako, da bandir ɗin kwano, da buhunan siminti, da gadon ƙarfe mai waya, da katifa. Shekararsa biyu da fara aiki. Ya sauko da wando mai faɗin ƙafa da tabarau, kuma ya dawo da wani sabon ciwo: bakinsa ya daina iya yarenmu. Ka yi masa magana da yare ya amsa da Hausa, ya yayyafa Turanci a kai. Mama, don ta girmama ɗanta, sai ta riƙa bin sa da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

Dalilin kayan bai ɓoye ba. Akwai yarinyar da yake nema a Kaduna, 'yar wani akawu, za ta zo gaishe da Mama bayan Kirsimeti. Ba zai yarda ta zo ta ga uwarsa a bukka ba.

Aka kira gayya. Samarin coci suka zo suka yaye jinkar a safiya ɗaya, baƙin kunkunniya yana zubo musu a ka suna dariya. Kafinta ya hau, aka yi kwana biyu ana buga ƙusa, mu muna dafa tuwon acca muna jigilar ruwa. Duk ƙauyen ya zo kallo. Tsofaffi suna ɗaga kai suna sa albarka. Ni ƙafata ba ta taɓa ƙasa, don na san yanzu duk wanda zai zo zance wurina gidan kwano zai zo.

Rana ta uku aka zo zuba siminti, Yaya Bulus ya tsaya a kan gadon Mama, hannu a ƙugu.

Mama ta ce, "Bulus, ka yi kwano naka, ka yi siminti naka, na gode, Ubangiji ya ƙara. Amma wannan ka bar shi a gefe. Ba ya cin abinci."

Ya ce, "Mama, wannan kabari ne, ba gado ba. Baƙuwa za ta shigo ta ga uwana yana kwana a kan wuta kamar doya? Na kawo maki gado na zamani. Ga bargo, ga suwaita, ga man zafi. Me kuma?"

"Ƙirji na ya saba da shi."

"Hayaƙin nan ne ma yake ba ki tari. Ba ku sani ba ne."

Ba mu sani ba. Shi da ya yi shekara biyu yana tura amalanken zare a masaƙa, shi ya sani. Ya ɗauki diga da kansa. Sau uku ya sara kafin gadon ya tsage, don Mama ba ta yin aikin wasa. Ita ta fita ta zauna a gindin mangwaro tana tsince acca, ba ta sake kallon ɗakin ba.

Ni aka ba aikin kwashewa. Na riƙa cika kwando ina kaiwa bayan rumbu. Mama ta kwana a kansa daren da ya gabata, saboda haka ƙasar da ɗuminta. Ina jin ɗumin ta cikin gammo har tsakiyar kaina, a safiyar da hannuna ya ƙandare, kuma abin da na ce a raina shi ne, mun rabu da ƙazanta. Waƙa nake yi ina kwasa.

Da siminti ya bushe aka shigar da gadon ƙarfe, Yaya Bulus ya kafa doka a gabana: ba wuta a ɗakin nan, ba garwashi, ko fitilar aci-balbal kar a shigar. Hayaƙi zai ɓata kwano. "Rifkatu, ke kin yi makaranta, ke na bar ma amana." Firamare na gama. Amma na ji kaina ya kumbura kamar an naɗa ni sarauta.

'Yar akawu ta zo kwana biyu bayan Kirsimeti, da jaka a hannu da hankici a hanci. Ta shiga ɗakin, ta ɗosana a bakin gadon ƙarfe, ta gaishe da Mama da Turanci, ta kurɓi kunu sau ɗaya ta ajiye. Ina tsaye a ƙofa ina jiran ta ɗaga kai ta ga kwano. Ba ta ɗaga ba. Kafin la'asar ta bi mota ta koma, kuma daga baya wani ta aura. Yaya Bulus ya ci sabuwar shekara ya tafi abinsa Kaduna.

Sannan sanyi na gaske ya sauko.

Ba wanda ya gaya mana halin kwano. Da rana ya gasa ka, rana na faɗuwa ya saki zafin gaba ɗaya, da asuba kuma ya yi gumi ya riƙa ɗigo. Siminti ka taka shi da safe ka ji har haƙori. Gadon ƙarfe iska tana ratsa ƙarƙashinsa yadda take so, katifar kuwa kaurinta bai wuce tafin hannu ba. Nakan shiga gaishe ta da safe in tarar da bargon ya yi sanyi da laima, ita ta dunƙule kamar ƙullin kaya, suwaitar ɗanta a jikinta. Matar da take riga kowa tashi ta koma sai rana ta fito take rarrafowa madafa, ta zauna a bakin murhu ta miƙa hannu.

Ni kuwa a ƙaramin ɗakin jinka nake kwana, wanda yake manne da madafa, bangonsa da ɗumi har safe. Barcina nake sha.

Tarin ya leƙo kamar kullum, amma a wannan karon ba mai korarsa. Mama Saratu ta ce mata ta koma kwana a madafa. Mama ta ƙi. Ta ce mutane za su ce ɗanta ya yi mata abu ba ta gode ba, ta gudu ta bar ɗakin da duk ƙauye ya sa wa albarka. Ta ci gaba da fita tsaga citta, don citta ba ta jira, masu saye kuma sun fara zuwa da buhunansu. Tana tsaga tana tari, ta dafe haƙarƙari, ta ci gaba.

Wata ranar Alhamis da yamma na dawo daga rafi, na ji warin hayaƙi tun daga ƙofar gida. Na sauke tulu na shiga ɗakin da gudu. Mama Saratu ce ta kawo kasko da garwashi ta tura ƙarƙashin gadon ƙarfen, ta koma gidanta ɗora tuwo. Mama tana kwance ta miƙe ƙafa, karo na farko a cikin makonni, idonta a lumshe. Wani siririn hayaƙi yana tashi.

Kwano na fara duba kafin na dubi uwata. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mijina.

Na ce, "Mama, Yaya ya ce ba wuta a ɗakin nan."

Ta buɗe ido ta dube ni. Na ɗauka za ta yi faɗa, ko ta roƙe ni, da ta yi ɗaya daga ciki wataƙila da na bari. Na naɗe hannu da bakin zane na jawo kaskon.

Ta ce da Hausar nan tata ta kasuwa, "To. Ka yi hankali kar ya ƙona ka hannu."

Na kai shi madafa na juye a murhu. Washegari Mama Saratu ta tare ni a hanyar rafi, ta ajiye tulunta a ƙasa don ta samu damar nuna ni da yatsa. "Kai da yayan ka, kwano ne ya haife ku?" Na murguɗa baki na wuce. Na ce a raina, tsofaffin nan ba su san ci gaba ba.

Ranar Lahadi Mama ba ta je sujada ba. Litinin jikinta ya yi zafi kamar murfin tukunya, ita kuma tana karkarwa tana cewa a rufe ta. Numfashi ya koma sama-sama, kowane ja sai ta runtse ido. A lokacin ne na ruga na ɗebo garwashi da kaina, na cika kasko biyu, na tura ƙarƙashin gadon. Mama Saratu tana zaune a gefe tana kallona, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Wani Alhaji mai sayen citta ya taimaka da a-kori-kurarsa, muka shimfiɗa ta a kan buhuna muka kawo ta asibiti a Kafanchan. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Wata nas ta tambaye ni, "A ina take kwana, sanyi ya kama mata huhu haka?" Na ce a ɗakin kwano. Har a lokacin da ɗan alfahari na faɗa.

Kwananta huɗu. Ta cika da rana tsaka, saura 'yan makonni zafi ya shigo.

A wurin jana'iza ne na fara sanin mene ne raini, kuma tun daga ranar bai sake ni ba. Mutane suna shiga ɗakin suna ɗaga kai. "Kai, Bulus ya yi ƙoƙari." "Ko ba komai ta kwana a ƙarƙashin kwano kafin Ubangiji ya kira ta." Wani dattijon ikilisiya ya tashi ya ce samari su yi koyi da shi, su yi wa iyayensu gata tun suna da rai. Yaya Bulus yana zaune a gaba da tabarau yana share hawaye yana gyaɗa kai. Ni ma na ɗaga kai na duba. Kwanon fari tas. Kasko biyun da na kawo a makare ko tabo ba su yi masa ba.

Ban taɓa yi masa maganar ba. Da me zan fara, ni da na riƙe masa amana? Shi ya fasa ya tafi, bai ga bargon da laima ba, bai ji tarin ba. Ni na gani, na ji, na ɗauke kaskon. Duk rainin da nake yi masa, rabinsa nawa ne.

Bayan an share makoki na je na durƙusa wa Mama Saratu na ce ta koya mini ginin gadon ƙasa. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta yi tsami, sannan ta ce in je in haƙo jar ƙasa. Da na yi aure na gina wa surukata, ta yi shekaru tana kwana a kai, ta mutu da tsufanta a cikin damina. Na gina wa wasu tsofaffi biyu. Na ƙara wata dabara tawa: nakan sa guntun bututu ya ratsa bango, hayaƙin duka ya fita waje, don hayaƙi a rufaffen ɗaki shi ma kisa yake yi. Daga baya mutane suka daina nema. Kowa ya waye.

Kwana biyu na yi ina juya maganar Yaya Bulus. Na ce in bar shi da hitarsa da tayil ɗinsa ya ɗanɗana. Amma tarin nan ya ƙi fita daga kunnena, kuma ba ni da wani ɗan'uwa sai shi. Ranar Laraba na sa mai keke ya kai mini buhu shida na jar ƙasa da ƙaiƙayi da bututu, na fara biyawa na sa maƙwabcinsa ya yi alkawarin kai shi asibiti a duba ƙirjin, sannan na shiga na ɗaure ɗankwali a ƙugu.

Ya yi mamaki. "Ke? Ke kin iya? Tun yaushe?"

Na ce tun da daɗewa. Na auna jikin bangon ɗakin kwanansa da taku, na nuna masa inda za a ɓamɓare tayil. Ya bi ni da sanda yana tari yana murna kamar yaro. Can sai ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi farin silin ɗinsa mai zane.

"Amma Rifkatu, hayaƙin fa? Ba zai ɓata silin ba?"

Bututun yana waje jikin buhu, na san ko ɗigon baƙi ba zai taɓa silin ɗin ba. Ban gaya masa ba. Na ce, "Zai ɓata, Yaya. Baƙi wuluk zai yi. Ka zaɓa."

Na ɗauka zai yi jim, ko na minti ɗaya. Bai yi ba. Ya ja bargo ya rufe kafaɗa, ya yi dariya.

"To ya ɓata mana. Ai mutum ya fi silin."

Na ce, "Har da kwano?"

Ya ce, "Wane kwano?"

Na fita tsakar gida na zazzage buhunan, na zuba ƙaiƙayi, na kwarara ruwa, na cire takalmi na shiga da ƙafa. Ƙasar da na kwashe waccan shekarar da ɗuminta take. Wannan sanyinta har cikin ƙashi, na ci gaba da takawa.